Ɗan Tsako a Kan Akwatin Efren

Mam Leonila, wadda muke kira Mam Nila, ba ta yarda da al'adun makoki ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. A garinmu na bakin teku, can yammacin tsibirin Panay, in gawa tana cikin gida ba a shara, ba a taje gashi, ba a raka baƙo bakin ƙofa. Ita kuwa ranar da mijinta ya rasu, da hannunta ta ɗauki tsintsiya ta share gaban akwatin, tsofaffin mata suna ta zana gicciye a ƙirji. Ta ce ƙura ƙura ce, ko da gawa ko babu.

Ni Tasyo da nake ba ku labarin nan, wanda ake ce wa Manong, wato babban yaya, ni ake tambaya irin waɗannan abubuwa. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Amma teku ta haɗiye ni ta tofar ba sau ɗaya ba, guguwar da ta kwashe rufin coci a saman bishiyar kwakwa ta same ni kuma a nan ta bar ni, sa'o'ina kuwa duk ni na raka su makabarta. Wanda ya yi rakiya irin tawa ba ya buƙatar littafi. Saboda haka ni da Mam Nila muka yi shekara da shekaru muna sa-in-sa, tana ce mini boka, ina ce mata Baturiya.

Gindin mangwaron da nake ɗinkin komar kamun kifi yana daidai tagar ajin da take koyar da Turanci, to babu darasinta da ban sha kyauta ba. Akwai guda da take zuwa kansa duk shekara in damina ta kankama. Turanci yana da wata hanya ta faɗin aiki a ɓoye mai aikin. Sai a ɗauko ɗaya daga cikin 'yan kalmomin nan na dole, ko na yiwuwa, ko na kamata, a jingina wa aikin, mutum kuwa ya ɓace ɓat. Takan buga allo da sanda ta ce, "The door must be closed," yara su amsa kamar kwaɗi bayan ruwa. Dole a rufe ƙofa. Ana iya rufe ƙofa. Ya kamata a rufe ƙofa. Mai wuyar takan ajiye shi sai ƙarshe, wanda suke cewa should have been, na abin da ya riga ya wuce ba a yi ba: da ya kamata a ce an rufe ƙofa.

Duk shekara sai an sami mai ɗaga hannu. "Mam, wa zai rufe?"

"Ba a tambaya," in ji ta. "Ana yin wannan magana ne in ba a san mai yi ba, ko ba a damu da shi ba, ko ba a so a faɗa. Harshen ofis ke nan. Duk mai son aikin jirgi ko aikin Manila, dole ya zauna masa a baki."

Ni kuma sai in leƙo ta taga. "Mam, tun bara ake cewa a rufe, ga ƙofar nan har yau a wangale."

"Manong Tasyo, ji da komarka. Kifi ya haddace ramukanta."

A gida kuwa wata mace ce daban. Ɗanta ɗaya ne tilo, Efren. Nay yake kiranta, wato Inna. In ya shigo ya ce, "Nay, ya kamata a gyara famfon nan," sai ta ajiye jan bironta ta dube shi ta saman tabarau. "Wa kake jira? Akwai wani bara a bayan gida da ban san da shi ba? Wanda ya gani, shi zai yi." Da wannan ta raine shi, safe da yamma, tare da shinkafa da busasshen kifi. Yaro ya tashi ba ya iya wuce abu. In kwale-kwalen wani ya kafe a yashi, kafin a yi kira ya cire riga. In iska ta ɗaye rufin gwauruwa, za ka hango shi a sama da guduma. Mam Nila ba ta yabonsa a gabansa, amma in tana kasuwa aka ambace shi, sai ka ga ta gyara zaman tabarau.

Abokinsa tun na yarinta shi ne Goding, ɗan mai wainar shinkafa ta bakin kasuwa. Rabin abincin da ya gina jikin Goding a teburin Mam Nila ya ci shi. Da Efren ya sami aiki a ɗakin injin wani jirgin dakon kaya, bai huta ba sai da ya jawo Goding suka tafi tare.

Mam Nila ta riga ta yi ritaya lokacin da labarin rasuwar Efren ya zo. Gawar ta daɗe a hanya, daga wata tashar jirage mai nisa zuwa Manila, daga Manila zuwa Iloilo, sannan mota ta kawo ta da hantsi. Farin akwati ne mai murfin gilashi. Aka ajiye shi a falonta tsakanin fitilu, aka kafa rumfa a waje, aka jera kujerun roba. Mutum biyu suka rako shi. Ɗaya Goding ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ɗayar kuwa ma'aikaciyar kamfanin da ke ɗaukar mutane aikin jirgi ce, sanye da rigar ofis. Mam Nila na ganinta ta gane ta. Charito ce, 'yar bencin gaba, wadda ba ta taɓa samun ɗalibar da ta kai ta ba.

Charito ta kama hannun malamarta ta ɗora a goshi, yadda muke gaida manya. Ta fara magana da harshenmu, muryar ta karye. Ta miƙe tsaye sosai kamar mai amsa tambaya a aji, ta koma Turanci.

Ta ce akwai wani tanki a gindin jirgin da ya daɗe a rufe, tsatsa ta shanye iskar cikinsa. Da ya kamata a ce an hura masa iska kafin a shiga. Bai kamata a ce an shiga ba tare da tukunyar numfashi ba. Da an iya kauce wa abin. Za a yi bincike, za a sanar da ita.

Mam Nila tana zaune, hannunta ɗaya a kan gilashin. Sun yi wa fuskar Efren hoda da yawa, sun taje masa gashi ta gefen da ba ya tajewa. Tana jin maganar tana shiga kunnenta sumul, kowace kalma a mazauninta, kamar yadda ta jera su a allo shekara da shekaru. Ta jira ta ji sunan mutum. Maganar ta ƙare babu kowa a ciki.

"Inday," ta ce da harshenmu, yadda ake kiran 'ya mace, "wa?"

"Mam?"

"Wa ya kamata ya hura iskar? Wa ya tura shi ciki?"

Charito ta sunkuyar da kai. Ta ce ba za a iya faɗa ba tukuna.

Mam Nila ta dube ta. "Babu kuskure ko ɗaya, Charito," ta ce. "Da a aji ne da na ba ki makin duka. Je ki sha kofi."

Da la'asar sai ga ta a ƙofar gidana, cikin baƙar riga, ba laima. Ita da ba ta taɓa taka tsakar gidana ba saboda kashin kaji.

"Manong, kazarka ta ƙyanƙyashe?"

Na gane, amma na yi kamar ban gane ba. "Miya za ki yi da 'yan tsaki, Baturiya?"

"Guda nake so."

"Ke da kika share gaban mijinki?"

"Ban zo musu ba, Manong."

A wurinmu ba kowace gawa ake ɗora wa ɗan tsako ba. Sai wanda hannun mutum ya kashe. A barbaɗa tsaba a kan gilashin akwati, a saki tsakon a kai. Duk saran da ya yi, zuciyar wanda ya aikata yake sara, ko yana bayan teku bakwai, har abinci ya gagare shi, ya kawo kansa. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Na ce mata, "Mam, tsako ba furen ado ba ne. In kin ɗora shi, kin gaya wa gari kashe ɗanki aka yi. Kuma ba ya dawowa hannu wofi. Sai ya samo mutum."

"Shi nake nema," ta ce. "Mutum. An ba ni magana cike da kwando, babu mutum a ciki."

Na zaɓo mata mai ruwan ƙwai, mai ƙarfin baki. Ta tafi da shi a tafin hannu, tana riƙe da shi nesa da jiki kamar garwashi.

Kafin rana ta faɗi gari ya ɗauka. Mata masu addu'a suka shigo da carbinsu, suka yi turus a bakin ƙofa. Ga fuskar Efren a ƙarƙashin gilashi, ga tsako a sama yana zamewa yana sara. Tak. Tak tak. Babu wanda ya ce mata komai. Amma Mam Nila ta san garinta. Kyaftin ɗin jirgi Bature ne da ba wanda ya san sunansa, masu kamfani suna can inda ba a zuwa da babur mai akori. Gulma ba ta son tafiya mai nisa. Mutum ɗaya ne a kusa da yake cikin jirgin nan.

Goding kuwa tun da aka shigar da akwatin bai taka falon ba. Yana waje a rumfa, shi ne ɗauko kujera, shi ne zuba kofi, shi ne sayo ƙanƙara. Bai zo ya ga fuskar abokinsa ba. Mutane suka lura. Masu karta a rumfa suka riƙa yin shiru in ya matso. Wani ya ƙi karɓar kofi daga hannunsa, ya ce ya ƙoshi. Kwana biyu bayan haka wainar uwarsa ta wuni a faranti har ƙuda ya gaji da ita, ita da takan sayar kafin a fito daga cocin safe.

Mam Nila tana ganin komai ta taga. Ta ajiye kujerarta inda za ta ga akwati da ido ɗaya, rumfa da ɗayan. Ta lura in gidan ya yi tsit, saran tsakon yana kaiwa waje, kuma duk lokacin da ya kai, kafaɗar Goding takan motsa kamar an tsikare shi. Ta tuna shi yana ƙarami, yana cusa shinkafa da hannu biyu, tana ce masa ya ci a hankali ba gudu za ta yi ba. Tunawar ba ta sanyaya mata komai ba. Ta tashi ta ƙara tsaba a kan gilashin.

Ba ta yi kuka ba duk kwanakin nan. Tana jin kukan yana nan kusa, amma ta ce masa ya jira. Sai ta san wanda za ta yi kukan a kansa.

Ana gobe jana'iza Charito ta dawo daga birni, wannan karon ba rigar ofis. Ta tarar da Mam Nila a kicin tana tsince shinkafar masu makoki. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Mam, don Allah a cire tsakon nan."

"A cire? Wa zai cire?"

"Ke, Mam. Ki cire shi. Jiya an jefi rufin gidan su Goding."

"To ba ni suna, in cire shi yanzun nan."

"Mam, wata maganar gara a bar ta yadda aka faɗe ta."

"Albashin masu kamfanin yana da daɗi, ko, Inday? Har ya kai ki zo kicin ɗina ki tsare musu baya?"

Charito ta ɗago kai, idonta ya cika. Ta tashi ta kama hannun Mam Nila za ta ɗora a goshi, Mam Nila ta bar mata hannun kamar tsumma, ba ta dube ta ba.

Ranar jana'iza gari ya waye da yayyafi. Mam Nila ta yi wanka ta taje gashinta, don har ranar ba ta bar halinta ba. Falon babu kowa sai ita da ni, ina gyara kyandir, mata suna baya suna dafa kunun shinkafa. Sai inuwa ta tare ƙofa. Goding ne. Ya cire silifas a waje, ya shigo da ƙafa a jiƙe. Ya zo har gaban akwatin, ya dubi fuskar, ya daɗe. Tsakon ya tako ya tsaya daidai goshin Efren ya ci gaba da sara.

"Tiyay Nila," ya ce, wato Gwaggo, yadda yake kiranta tun yana yaro.

Ta gyara zama, ta haɗa hannu a cinya, kamar yadda take yi in yaro ya zo kawo uzuri. Ga shi nan, ta ce a ranta. Ga sunan ya zo da ƙafarsa.

"Ni na fara shiga," in ji Goding. "An buɗe bakin tankin ne kawai don ya sha iska. Na leƙa, tocilata ta suɓuce ta faɗa kan wani ƙarfe, nan kusa, ina ganinta. Na ce in sauka tsani kaɗan in ɗauko kafin a gani a yi mini faɗa. Ba wari, Tiyay, ba hayaƙi, ba komai. Abin da na sani ke nan. Sai farkawa na yi a sama ana danna mini ƙirji."

"Sai suka tura shi ya ɗauko ka."

"A'a."

"Wani ya ce masa ya shiga."

"Babu, Tiyay. Dokar jirgi, in mutum ya faɗi a irin wurin nan, ba a binsa. Ƙararrawa ake bugawa, a jira masu tukunyar numfashi. Kowa ya sani, shi ma ya sani, duk wata ana koya mana. An buga ƙararrawar. Babbanmu a wurin aiki har ya riƙe masa hannu, ya ce masa ya jira, ana zuwa, za a kawo tukunya." Goding ya share hanci da bayan hannu. "Shi babban namu ya gaya mini. Ya ce Efren ya fizge hannunsa ya ce, 'Ni na gani.' Ya ɗauki igiya ya sauka. Ya ɗaura mini a hammata, ya ce su ja. Da suka sake jefa igiyar, ba wanda ya kama."

Tak. Tak tak.

Mam Nila ba ta motsa ba. Ta ji maganar ta wuce kunnenta ta sauka can ƙasa, inda ta san muryar. Ba muryar Efren ba ce, tata ce. Ta ga teburin cin abinci, ta ga jan biro, ta ga yaro tsaye da guntun wando yana nuna famfo.

"Ni ma a teburin nan na ji ta, Tiyay," in ji Goding a hankali. "Ina jin abin da ya ce na san daga inda ta fito. Na gaya wa Charito a mota. Muka ce a bar miki shi da Turanci. Na ce gara gari ya ce ni ne, ai ni ne ɗin, tocilata ce. Zan iya ɗauka. Amma Nanay, mahaifiyata, ta daina fita kasuwa, jiya ta tambaye ni ko da gaske na kashe shi. Kuma abin nan," ya nuna tsakon da haɓa, "ko ina bakin teku ina jinsa."

Ni da ba a rasa magana a bakina, na tsaya da ashana a hannu.

"Ya sha wuya?" ta ce.

"Sun ce kamar barci ne. Ni dai ban ji komai ba."

"An daɗe kafin a kawo tukunyar?"

"Ba a daɗe ba."

"Da ya jira, da kai fa?"

"Likitan tasha ya ce da ban kai ba."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta matsa jikin akwatin. Ta sa hannu biyu ta ɗauke tsakon, ta share tsabar da gefen hannu ta zuba a aljihu. A lokacin mutane sun fara taruwa, mata sun fito daga kicin, maza sun cika bakin ƙofa da baƙar laima, kowa yana kallon Goding a tsaye gaban gawa. Ta juyo ta fuskance su. Ta yi magana da muryar da take kaiwa bencin baya, amma da harshenmu.

"Goding ya faɗa rami. Efren ya shiga ya fito da shi. Shi ya shiga, da ƙafarsa. Ba wanda ya tura shi." Ta tsaya ta ja numfashi. "Wanda ya jefi rufin gidansu ya je ya gyara. Wanda ya ƙi wainar uwarsa ya je ya saya."

Dangi ba sa ɗaukar akwatin nasu a wurinmu, sai abokai da maƙwabta. Da lokaci ya yi ta kira shi yadda ake kiran ɗan gida, ta ce, "Toto Goding, kai ne ta wajen kansa." Ya sa kafaɗa. Aka fita da Efren ƙafa a gaba, cikin yayyafi. Charito tana tsaye a gefen rumfa. Mam Nila ta tsaya a gabanta, ta miƙa mata hannu da kanta, yarinyar ta ɗora a goshi ta riƙe ta ƙi saki.

Na matso na ce ta ba ni tsakon in mayar wa uwarsa. Tana riƙe da shi a ƙirji yanzu, ba nesa da jiki ba. Yana ta saran maɓallin baƙar rigarta.

"Kai ka ce ba ya dawowa hannu wofi," ta ce. "To ya samu. Ga ni."

"Haba Mam. Da ba ki raine shi haka ba, da yau Goding muke rakawa."

"Na sani, Manong."

"To ai abin alfahari ne. Ni da na ga mazaje iri-iri a teku, ban ga..."

"Na sani," ta sake cewa. Ta dubi bayan masu ɗauke da akwati, ta dubi wuyan Goding da ya sunkuya ƙarƙashin nauyi, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Na so a ce ya jira. Allah ya gafarta mini, ga yaron nan yana ɗauke da shi, amma na so a ce ya tsaya ya jira a kawo."

A nan kukan ya zo. Ba irin na makoki da ake yi da kirari ba. Ta tsuguna a tsakiyar hanya cikin taɓo, da baƙar rigarta mai guga, tsako a ƙirji, ta yi ta yi kamar yarinyar da aka manta a kasuwa. Aka tsayar da akwati aka jira ta. Babu wanda ya ce ta tashi.

Takardar binciken kamfani ta zo daga baya, an sanar da ita kamar yadda aka ce za a yi. Ba ta buɗe ba. Samari masu neman aikin jirgi da takan koya wa Turanci a barandarta suka dawo bayan kwana arba'in, ta ce su nemi wani, ta manta. Tsakon ya zama kaza, ja mai ƙafa rawaya, tana yawo a falo tana hawa kujera, tana kashi inda ta ga dama. Mam Nila ba ta kora, ba ta cika shara ba ma yanzu.

Goding bai koma teku ba. Yana tuƙa babur mai akori tsakanin kasuwa da coci, kuma duk yamma yakan biyo ya ajiye mata waina daga uwarsa. Rannan ina zaune a barandarta muna shan kofi, ba ma musu, don musun ya ƙare, sai ya shigo ya ji famfon tsakar gida yana ɗiga a bokiti. Famfon nan dai. Ya koma wajen babur ya ɗauko sifana, ya naɗe hannun riga.

Ta ajiye kofinta.

"Bar shi, Toto."

"Roba ce kawai ta cinye, Tiyay. Yanzun nan zan gama."

"Na ce ka bar shi. Zo ka zauna." Ta jawo kujera kusa da ita, ta dafa da hannu. "Za a gyara."

Ya tsaya da sifana a hannu yana dubana, ni kuma na dubi kofina. Can ya zo ya zauna. Kazar ta tako ta tsaya ƙarƙashin famfon, tana ɗaga kai tana jiran ɗigo.